Yadda Ake Shirya Jana'iza: Daga Fitar Rai Zuwa Rabon Gado

Mahaifinmu ya cika da misalin ƙarfe uku na dare, cikin tsananin hunturu. Mu biyar ne maza a tsakar gida, kowa da gemunsa, amma aka rasa wanda ya san ta inda za a fara. Sai ga wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo da tocila a hannu. Bai tsaya dogon jaje ba. Ya nuna yayanmu ya ce, "Kai, je ka ta da liman." Ya nuna ni, "Kai kuma samo kara ka auno tsawonsa." Ya ce wa autanmu, "Koma wajen tsohuwa, kada ka matsa." Kafin hantsi ya dubi ludayi mun dawo daga maƙabarta.

Aikin jana'iza ba shi da wuya, mai raba shi yake so. Shari'a ta ce a gaggauta, mu kuma da yawa mukan ɗauki gaggawa ta zama rikicewa. Ga yadda ake bi daki-daki a tsarin Musulunci kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, inda akasari mazhabar Malikiyya ake bi. Inda malamai suka saɓa zan faɗa.

Lokacin fitar rai

In kana wurin kafin ya cika, ka riƙa faɗin "La ilaha illallah" kusa da kunnensa a hankali. Wannan shi ne talƙini. Ba a ce masa "faɗi mana, faɗi mana" ana jijjiga shi, mutumin da ke cikin magagin mutuwa ba ya buƙatar takura. In ya furta sau ɗaya, a ƙyale shi, sai in ya sake wata magana.

Da an tabbatar rai ya yi halinsa, sai a yi "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", a shafe masa idanu kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abu Salama. A sami ƙyalle a ɗaure haɓarsa zuwa tsakiyar kai don kada baki ya buɗe. A lanƙwasa hannuwa da ƙafafu a miƙe su sau biyu ko uku tun jiki bai sandare ba, wannan zai sauƙaƙa wa masu wanka. A cire zobe da agogo tun yatsu ba su kumbura ba. Sai a lulluɓe shi duka da mayafi, a kunna fanka in lokacin zafi ne.

Kalmar "tabbatar" da na ambata ba ado ba ce. Mai ciwon suga ko wanda ya yi doguwar suma yana iya yin kama da gawa. In a gida ne, kuma akwai likita ko nas a unguwa, a kira shi ya duba kafin a ɗaga murya.

Kuka ba laifi. Manzon Allah ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da birgima, da yaga tufafi, da kalaman "wayyo mun shiga uku, wa ka bar mu da shi".

Sanarwa, da wanda ya kamata ya fara ji

A nan ne zamani ya kawo mana fitina. Na san matar da ta ga hoton ƙaninta a WhatsApp da "Allah ya jiƙanka" a ƙarƙashi, tana tsakiyar girki, ba wanda ya kira ta. Don haka abu na farko: a ce wa matasan gida kowa ya riƙe wayarsa sai an gama da na jiki. Iyaye, mata ko miji, 'ya'ya, 'yan'uwan ciki ɗaya, su ne farko. Tsoho da mai hawan jini da mai juna biyu ba a gaya musu ta waya, mutum ake turawa, wanda suke jin nauyinsa, ya zauna tukun sannan ya faɗa.

Daga nan sai liman da mai unguwa. Kada ka yanke lokacin salla kai kaɗai. Ka ji ta bakin liman, ka ji ta bakin masu haƙar kabari, sannan a tsayar da magana ɗaya: wuri kaza, ƙarfe kaza, maƙabarta kaza. Saƙo ɗaya za a rubuta a raba wa kowa. In aka bari kowa ya rubuta nasa, rabin jama'a za su zo ƙarfe tara, rabi bayan Azahar, a yi ta jin haushin juna har arba'in. A kuma kauce wa lokuta uku da aka hana salla da binnewa: daidai ɓullowar rana, da tsayuwarta a tsaka, da lokacin faɗuwarta.

Batun jiran na nesa kullum sai ya taso. A ganina, in ɗa yana hanya daga Zariya zuwa Kano, jiran awa biyu ba wani abu ba ne. Amma a ajiye gawa kwana biyu don wani zai taso daga Fatakwal, wannan an shiga haƙƙin mamaci. Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yuni, 2014, kuma a ranar aka yi masa sutura a Gidan Nasarawa. Wanda bai samu salla ba yana iya zuwa kabarin ya yi addu'a. Haka wanda ya rasu a Legas ko Kumasi ko Yawunde: a nemi Sarkin Hausawa ko limamin zango, su suka san maƙabartar Musulmi da hanyar samun izini. Binne shi a can ya fi a ɗoro shi a bayan mota ana kwana a hanya.

Raba aiki

A fitar da mutum ɗaya mai sanyin kai ya zama madugu. Ba lallai babban ɗa ba, sau da yawa shi ne ma ya fi kowa ruɗewa. Baffa ko kawu ko aminin marigayi ya fi. Shi zai tura mutum biyu maƙabarta da ma'aunin tsawo, ya tura ɗaya sayo likkafani da kafur da turare da auduga da safar hannu, ɗaya ya ɗauko makara a masallaci, ɗaya ya nemo mota in maƙabarta da nisa, matasa kuma su share ƙofar gida su shimfiɗa tabarmi. Kuɗi a hannun mutum ɗaya za su zauna, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ma'aunin nan kada a yi masa ƙiyasi. Na taɓa halartar jana'izar da aka ce wa masu haƙa "kamar tsawona ne", aka zo da gawa kabari ya gaza da kusan taki guda. Jama'a na tsaye cikin rana, makara a ƙasa, ana ta sara da diga. Kara ko igiya za a ɗora daga kai zuwa tafin ƙafa, a ƙara ɗan rara, a kuma faɗa musu in mamacin mai jiki ne.

Kafin a tafi kasuwa a buɗe akwatinsa. Tsofaffi da yawa sun tanadi likkafaninsu tun da ƙarfinsu, wasu daga Makka suka zo da shi. A nan ma akan tarar da wasiyya ko littafin bashi.

In a asibiti ne, ko ta hanyar hatsari

Kada ku fito da gawa ba tare da takardar likita mai shaida rasuwa da dalilinta ba. A ranar za ka ga kamar ɓata lokaci ne. Mu mun bar tata lokacin rasuwar gwaggonmu, muka ce ma dawo, sai da muka yi sawu huɗu a asibitin, likitan da ya duba ta an yi masa canjin wurin aiki, fayil kuma an ce ba a gani ba. A duba sunan da aka rubuta ya yi daidai da na katin shaidarsa da na banki, harafi ɗaya yana iya tsayar da kuɗin marayu wata da watanni.

In hatsarin mota ne, ko kisa, ko mutuwar da ba a gane kanta ba, sai an sanar da 'yan sanda sun ba da izini kafin a binne. In kuma cuta ce mai yaɗuwa irin zazzaɓin Lassa ko kwalara, a bar wa ma'aikatan lafiya su jagoranci wanka da sutura. An sha rasa mutum biyu ko uku a gida ɗaya saboda an ce "ai namu ne, mu za mu wanke shi".

Wanka

Namiji maza ke wanke shi, mace mata. Miji da mata kuwa kowanne yana iya wanke ɗan'uwansa: Asma'u 'yar Umais ita ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar. Ƙaramin yaro kowa na iya yi masa. In marigayi ya yi wasiyya da wanda zai wanke shi, a bi. In ba haka ba a nemo wanda ya iya kuma yake da riƙon amana, domin abin da ido ya gani a ɗakin wanka a nan ake barinsa. Mutum uku sun isa: mai wanka, mai zuba ruwa, mai taya juyawa. Sauran kowa ya fita.

A kwantar da shi a kan wani abu mai ɗan tudu, gadon katako ko benci mai faɗi, yadda ruwa zai gangara. A gidan ƙasa akan tona ɗan rami ruwan ya taru. Masu zaman haya a birni su tambayi masallacin Juma'a mafi kusa ko asibiti, da yawa suna da ɗakin wankan gawa.

A rufe al'aura da zane mai kauri daga cibiya zuwa gwiwa, ba za a ɗaga shi ba har a gama. Mai wanka ya sa safar hannu ko ya naɗe hannunsa da ƙyalle. A ɗan ɗago mamacin kamar zai zauna, a shafa cikinsa a hankali don abin da zai fita ya fita, a yi masa tsarki ta ƙarƙashin zanen ana kwarara ruwa. Sai a sauya safa, a yi niyya, a yi masa alwala irin ta salla. Baki da hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle ake goge su, ba a ɗura ruwa. Sannan kai da gemu, sai ɓarin dama gaba da baya, sai ɓarin hagu.

Asalin wannan tsari hadisin Ummu Aɗiyya ne, lokacin da suke wanke 'yar Manzon Allah: ya ce su wanke ta sau uku ko biyar ko fiye in sun ga da buƙata, da ruwa da magarya, su sa kafur a na ƙarshe, su fara da dama da gaɓoɓin alwala. Don haka na farko da tsurar ruwa, na biyu da dakakken ganyen magarya, ko sabulu in ba a samu ba, na ƙarshe da ruwan da aka jiƙa kafur. Yawan wankin a tsaya a kan mara, kamar uku ko biyar, ba cika ba. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi in ana sanyi, kuma a riƙa juya shi da tausayi kamar mai rai.

Mace a tsefe mata kitso, a cire ƙarin gashi da jan farce da 'yan kunne, a wanke kan, a kama shi gida uku a mayar baya. A Malikiyya ba a yanke wa mamaci farce, ba a yi masa aski. In jikin ya ƙone ko ya lalace yadda ruwa zai ƙara ɓata shi, taimama ake yi masa. Jaririn da aka haifa bai yi kuka ko wani motsin rai ba, a Malikiyya ba a yi masa salla, a naɗe shi a binne. Wasu malamai sun ce in cikin ya kai wata huɗu a yi masa. A tambayi liman.

Likkafani

Farin yadi mara tsada, irin alawayyo. Mai wanka ne zai faɗi yawan yadin da zai isa gwargwadon jikin mamaci. Abin da ya wajaba shi ne a rufe jiki duka. An yi wa Manzon Allah sutura da fararen mayafai uku, ba riga ba rawani, kuma da yawa a kan haka suke. A littattafan Malikiyya an so namiji ya sami biyar, wato riga da zane da rawani da mayafai biyu, mace kuma bakwai, riga da zane da kallabi da mayafai huɗu. Duk wanda aka yi ya wadatar. Kada a tsaya musu a kan gawa.

A yagi tsiri uku ko fiye daga gefen yadin, a shimfiɗa su a ƙasa, a jera mayafan a kai, a turara su. A tsane jikin da tawul, a ɗora shi. A shafa turare a wuraren sujada: goshi, hanci, tafin hannu, gwiwoyi, yatsun ƙafa. A sa auduga inda ake tsoron wani abu ya fito. A naɗe mayafan ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure wajen kai da tsakiya da ƙafa, ƙullin zarge wanda zai kwance da sauƙi a kabari.

Kafin a fita da makara a ba matan gida 'yan mintoci su yi masa addu'a, tunda a al'adarmu ba sa bin gawa maƙabarta. Uwa da matar aure kada a hana su wannan. Hoto kuwa kada a ɗauka, balle a sa a Facebook.

Salla da maganar bashi

Akasari a ƙofar gida ko filin masallaci ake yi, don Malikiyya ba su so a shigar da gawa cikin masallaci. Kafin a tayar, wani daga dangi ya ɗaga murya: "Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, ya ga wane." A nuna mutumin kowa ya gan shi. Wannan ba al'ada ce kawai ba. An taɓa kawo wa Manzon Allah gawar mai bashi ya ƙi yi mata salla har sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauke nauyin biya.

Ana ajiye makara a gaban liman, kan mamaci ta hannun damansa, jama'a su yi sahu uku ko fiye. Kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. A Malikiyya bayan kowace kabbara addu'a ake yi wa mamaci, sai sallama ɗaya. Wasu kuma suna karanta Fatiha bayan ta farko, salatin Annabi bayan ta biyu, addu'a bayan ta uku, sallama bayan ta huɗu. Duka biyun za ka gani a gari ɗaya, ka bi limaminka. In ba ka haddace doguwar addu'a ba, "Allahummagfir lahu warhamhu" ta isa, mace kuma "Allahummagfir laha warhamha".

A maƙabarta

Kabarinmu hawa biyu ne: babban rami a sama, da siriri a cikinsa daidai jikin mamaci. Zurfin ya kai yadda wari ba zai fito ba, dabba ba za ta tona ba. Waɗanda aka tura tun farko su tabbatar an tanadi abin rufi, itace ko tukwanen ƙasa kamar yadda ake yi a Kano, da jarkokin ruwa na kwaɓa ƙasa, da shebur da kwanon sarki. Ruwan nan shi aka fi mantawa. Da damina a roƙi masu haƙa su zaɓi wuri mai tudu.

Mutum biyu ko uku na jiki su sauka. In mace ce, mijinta ko muharramanta, a kuma kare kabarin da mayafi lokacin saukar da ita. Ana cewa "Bismillahi wa ala millati Rasulillah", a kwantar da shi a kan ɓarin dama yana fuskantar alƙibla, a kwance ƙulle-ƙullen. A jera itace ko tukwane, a toshe duk wata kafa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada busasshiya ta zubo masa. Sai kowa ya zuba tafi uku, a mayar da sauran, a ɗaga kabarin kamar taƙin hannu ɗaya, a yayyafa ruwa. A sa alama da dutse ko ɗan allo, musamman a manyan maƙabartu irin Dandolo a Kano ko Gudu a Abuja ko Yantala a Yamai, inda bayan wata biyu sabbin kaburbura za su kewaye naku ku kasa gane shi.

Kada a watse da sauri. Manzon Allah yakan tsaya bayan binnewa ya ce a nema wa ɗan'uwa gafara da tabbata, don yanzu ake tambayarsa. A kiyaye taka kaburbura, a bar hirar siyasa da amsa waya sai an fita. Masu haƙa kuma a sallame su da mutunci, yawancinsu da abin da aka ba su suke ci da iyali.

Zaman makoki

Kwana uku ne. Maza a waje, mata a ciki. Mai zuwa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari." A amsa, "Amin, Allah ya ba da lada." A yi addu'a a tashi. Zaman wuni ana jiran tuwo ba ta'aziyya ba ce.

Abinci maƙwabta ne ya kamata su kawo. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, Manzon Allah cewa ya yi a dafa wa iyalansa, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Sadakar uku da bakwai da arba'in, da gumba da waina, malamai sun daɗe suna saɓani a kai, wasu na yi wasu na hanawa, ba kuma a wannan rubutun za a raba gardamar ba. Abin da ba saɓani a kansa shi ne, ba a taɓa dukiyar marayu a yi ta. Mai son yin sadaka ya yi da aljihunsa.

Takaba, takardu da gado

Matar marigayi takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 234, mai ciki kuma sai ta haihu. A ɗakinta za ta yi, ba kwalliya ba turare, amma tana wanka, tana magana da mutane, tana fita asibiti ko wata lalura. Kada dangin miji su tashe ta daga gidan, kada kuma a ɗora mata camfe-camfen da ba su da tushe.

A cikin makon farko a tattara takardun filaye da gidaje, katin banki, makullan shago da wayarsa, a rubuta su a gaban shaidu biyu, a damƙa wa amintacce. A Najeriya a kai takardar asibiti ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukuma a karɓi takardar shaidar mutuwa, dokar 1992 ta wajabta wannan rajista. A Nijar ofishin magajin gari ake zuwa. Banki da kamfanin fansho za su nemi takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. In ma'aikaci ne a tambayi inshorar rai: dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa wurin aikinsa ya yi masa wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma iyalai da yawa ba su san da ita ba. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai dukiya ba, wakili ne kawai.

Tsarin fitar da dukiya huɗu ne a jere: kuɗin sutura, sai bashi, har da ragowar sadakin matarsa in bai cika ba, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Rabon a kai shi wurin malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado, ko kotun shari'a, a rubuta, kowa ya sa hannu, kuma kada a bari ya shekara.

Layin wayarsa a ci gaba da sa masa kati na 'yan watanni. Ta nan saƙon banki ke shigowa, ta nan masu bashi za su kira. Namu sai da aka yi wata biyu wani mai hatsi daga Dawanau ya bugo yana neman Baba, ashe kuɗin buhu shida ne na Baba a hannunsa, bai ma ji rasuwar ba.